Goggon Biri Bai Ci Kuɗi Ba: Wa Ke Cinye Ranar Yaran Talakawa?

Duk wanda ya bi ta Titin Gidan Zoo a Kano washegarin Sallah ya san abin da ake kira cunkoso. Tun da hantsi A Daidaita Sahu ke sauke mutane, kowace ta ɗauko fiye da ƙima: magidanci a gefen direba, uwargida a baya da goyo, yara huɗu ko biyar an jera su wani kan cinyar wani, kowa da sabon ɗinki. A cikinsu ba za a ga ɗan kwamishina ko jikan sanata ba. 'Ya'yan kafinta ne, da na malamin firamare, da na ɗan dako a Kantin Kwari, da marayun da kawunsu ya haɗa da nasa 'ya'yan. Da yawansu wannan ita ce rana ɗaya tak a shekara da suke fita daga lungu don nishaɗi tare da iyayensu.

Wannan rana haƙƙi ce ta yaro da uwarsa, kuma ana cinye ta ta fuska biyu. Daga sama akwai masu mulkin da suka bar wuraren suka lalace, idonsu na kan filin. Daga ƙasa kuma akwai samari, wasu sun ce fitar shagala ce, wasu sun mai da wurin dandalinsu har magidanci na jin nauyin kai iyalinsa.

Abin da ke cikin ranar

Mai karatu ya dubi abin da iyali ke samu a tsohon wurin wasa irin na da, wanda babu na'urar sanyaya ɗaki, babu allon wasan kwamfuta. Akwai bishiyoyi manya masu inuwa. Uwargida za ta shimfiɗa tabarma, ta buɗe kular shinkafa da ragowar naman Sallah, ga zoɓo da kunun aya a jarka, ga cincin a leda, ba wanda zai ce mata an hana shiga da abincin gida. Yara za su yi layi a gaban lilo, su hau dokin katako mai zagayawa, ƙaramin cikinsu ya ƙanƙame wuyan dokin yana ihu yana dariya a lokaci guda. Yaron da ya sha jin labarin kura a tatsuniya zai tsaya a gaban kejinta ya ga ashe ƙafafunta na baya sun fi na gaba gajarta. Zai ga jimina, ya ga kada kwance baki buɗe kamar gungumen itace, ya ja rigar ubansa ya ce, "Baba, da rai yake kuwa?" Uban da a gida sai tsawa da "ku yi mini shiru", yau shi ne ya ɗora ɗiyarsa a wuya don ta hango zaki.

Wannan shi ne abin da ake magana a kansa. Yaro zai manta kalar shaddar da aka ɗinka masa, amma har ya yi furfura ba ya manta ranar da babansa ya tura shi a lilo. Wanda ya raina wannan bai san tarbiyya ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da bai taɓa ganin haƙoran ubansa ba da wuya ya kawo masa damuwarsa idan ya zama saurayi.

Wanda ya gina da waɗanda suka gada

Gidan Zoo na Kano an kafa shi ne a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975. Ɗan sanda ne, a ƙarƙashin mulkin soja ya yi gwamna, amma ya fahimci cewa birni ba kasuwa da ofis kaɗai ba ne, sai ya ware makeken fili ya ce na shaƙatawar jama'a ne. A Kaduna ma akwai Gamji a bakin kogi, inda tsohuwar gadar ƙarfen nan da aka ɗauko daga Zungeru take. A wancan lokaci mutanen waɗannan birane ba su kai kashi ɗaya cikin uku na yawansu na yau ba. Hankali zai ce tunda jama'a sun ninka, wuraren ma a ninka su. To, sabbin filayen wasa nawa gwamnati ta ware wa yaran Kurna, ko Rijiyar Lemo, ko Ɗorayi?

Maimakon ƙari, ga abin da aka ji. A watan Yunin 2019 labari ya cika ƙasa cewa Naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga sun yi ɓatan dabo a Gidan Zoo, har aka yaɗa cewa wai goggon biri ne ya haɗiye su. Duniya ta yi ta dariya, kafafen labarai na ƙasashen waje suka ɗauka. Daga baya gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Mutane sun yi dariya sun wuce, alhali abin kuka ne. Kuɗin nan daga aljihun wa suka fito? Daga hannun talakawan da suka yi layi a rana, suka ƙirga canji suka biya wa 'ya'yansu. Da su ya kamata a sayi abincin dabbobi, a gyara keji, a shafa wa lilo fenti. A watan Oktoba na wannan shekarar dai zaki ya kuɓuce daga kejinsa, unguwannin da ke kewaye suka kwana cikin zullumi kafin a shawo kansa.

Sai kuma aka bayyana shirin kwashe gidan gaba ɗaya a mai da shi Tiga, kusan kilomita 70 daga birni, wai dabbobi na buƙatar wurin da babu hayaniya. Allah Ya kiyaye, gidan yana nan inda yake. Amma mai hankali ya tambayi kansa: magidancin da da ƙyar ya haɗa kuɗin A Daidaita Sahu, da me zai kai mutum bakwai Tiga ya dawo? Kuma da an kwashe dabbobin, filin da suka bari a tsakiyar birni wa za a ba? Ba sai an yi duba ba. Garin da aka yanka gefen Filin Idi na Ƙofar Mata aka gina shaguna, har sai da wata gwamnatin ta zo ta rushe su a 2023, an san abin da ake yi da fili a cikinsa. Wanda bai ji kunyar filin salla ba, ai ba zai ji kunyar filin lilo ba.

Su kuwa masu yanke irin wannan shawara, hutun 'ya'yansu a Dubai ne da Landan, wasu har Disneyland ta Amurka. Ba su taɓa tsayawa a layin tikiti ba, don haka ba su san ana wahala a layin ba. A kan wannan titi na Gidan Zoo aka buɗe katafaren kantin zamani a 2014, aka ce ci gaba ya zo. Talaka ya shiga ya sha sanyi, ya kalli farashi, ya fito hannu rabbana, yaransa na kuka a kan abin da ba zai iya saya ba. A farkon 2024 Shoprite ta rufe reshenta na wurin ta tafi, domin ɗan kasuwa riba ya zo nema. Bishiyoyin da aka dasa zamanin Audu Baƙo kuwa har gobe suna ba da inuwa.

Tsufa ba laifi ba ne

Hujjar da ake kawowa kullum ita ce wai wuraren sun tsufa, zamani ya wuce su. To a dubi ƙasashen da ake kwaikwayo. A birnin Kopanhegan na ƙasar Denmak akwai wurin wasa mai suna Tivoli, an buɗe shi tun 1843, yana tsakiyar birni daura da babbar tashar jirgin ƙasa, wurin da fili ya fi ko'ina tsada, kuma ba a yanka shi an yi shaguna ba. A cikinsa akwai jirgin katako mai hawa da gangara da aka ƙera a 1914, har yau yana ɗaukar mutane, har yau ma'aikaci ne ke zama a cikinsa yana riƙe birki da hannu. Shi kansa Walt Disney sai da ya ziyarci Tivoli ya ga yadda aka tsara shi kafin ya buɗe Disneyland a 1955. A Biyana ta ƙasar Ostiriya akwai ƙaton lilo mai juyawa sama da aka kafa a 1897, ya ƙone a Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen da suka fito daga yaƙi da yunwa suka gyara shi ya koma aiki a 1947.

Ashe ƙarfe ba ya mutuwa don shekaru. Abin da ke kashe shi rashin man shafawa ne, da rashin mai ɗaure kusoshi, da kuɗin gyaran da ke bi ta wata hanya. A garuruwa da dama na ƙasar nan za a tarar da lilon da bai kai shekara ashirin ba ya yi tsatsa, sarƙa ta tsinke an ɗaure da waya, dokin katako babu kai. Sai a bar shi haka da gangan, ciyawa ta rufe, 'yan shaye-shaye su tare, sannan a fito a ce wurin ya zama maɓoyar ɓata-gari, gara a sayar. A ɗaure akuya a hana ta ci, ta rame, sannan a ce ba ta da amfani sai yanka.

Masu cewa shagala ce

Akwai kuma wasu samari masu zafin kai da ke ganin fita da iyali wurin wasa zubar da mutunci ne, ko ɓata lokaci ne ga mai neman lahira. Wasunsu za su ce ai dama masu mulki da wasa suke shagaltar da jama'a. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ana ba da labarin cewa wanda ya kafa Tivoli ya shawo kan sarkin Denmak ne da hujjar cewa mutane in suna nishaɗi ba sa tunanin siyasa. Amma a dubi abin da ke shagaltar da samari a yau. Dokin katako ne, ko kuwa gidan kallon ƙwallo har sha biyun dare, da cacar wasanni, da waya a hannu daga asuba zuwa asuba? Wanda ya kwana yana musu a kan ƙungiyoyin ƙwallon Ingila ba shi da bakin cewa awa uku a gindin bishiya da ƙannensa shagala ce.

Kuma wa ya fi Manzon Allah (S) sanin darajar lokaci? Ya tabbata cewa a ranar Idi mutanen Habasha sun yi wasa da masu a masallacinsa, ya tsaya ya kare Nana A'isha tana kallo daga bayansa, bai gusa ba har sai da ita da kanta ta gaji. Ya yi tsere da ita a hanyar tafiya, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake ya tsere mata. Ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa ba. Shugaban al'umma ke nan, mai jagorantar runduna. To wane ne wannan saurayin da gemunsa bai gama fitowa ba, da zai ɗauka ɗaure fuska ga yara shi ne tsoron Allah?

Gaskiya ne ana ɓarna a waɗannan wurare ranar Sallah. Ana cakuɗa, ana yankan aljihu, ana ƙwacen waya, ana tare 'yan mata da maganganun banza. Amma su wa ke yi? Ba jarirai ba ne, ba tsofaffi ba ne. Samari ne, sa'o'in mai karatu, wasu ma daga layinsu suka fito. Lokacin da mutanen kirki suka janye suka ce wurin ya lalace, sai suka bar shi ga waɗanda suka lalata shi, suka kuma miƙa wa masu kwaɗayin filin hujjar da suke nema. Ba a ƙona rumbu don ɓera ya shiga.

Abin da ya rage ga samari

Rayuwa ta yi tsada, ba mai musu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, a 2024 litar fetur ta haura Naira 1,000, mafi ƙarancin albashi kuwa Naira 70,000 aka sa hannu a kai. Da yawan iyaye sun daina fita da yara saboda ba hali. A nan ne saurayin da ke da 'yar sana'a ya kamata ya nuna amfaninsa. Ya lissafa abin da yake kashewa a kan data da shayin majalisa a wata guda, zai ga ya isa ya kai ƙannensa biyar su yini su dawo. Idan ƙanwarsa ta ce, "Yaya, yaushe za ka kai mu gidan zu?" kada ya ce mata sai wata Sallar. Ya tafi da mahaifiyarsa ma, wadda ƙila rabonta da fita don hutawa tun tana amarya. Ya leƙa gidan maƙwabcin da ya rasu ya bar marayu, ya nemi izinin uwarsu ya haɗa da su. Mai aure kuma ya sani matarsa ba tukunya aka aura masa ba.

Samarin unguwa guda za su iya haɗa kuɗi su ɗauki bas. In sun isa, su zama masu tsare layi, masu neman yaron da ya ɓace, masu tsawata wa mai damun 'yan mata, kuma in lokacin salla ya yi su shimfiɗa tabarma su yi jam'i yara na gani. Kowa ya karɓi tikitinsa a hannu, kada ya yarda da mai cewa a ba shi rabi a shige ta gefe, domin ta nan ɓarnar take farawa. In sun ga lilo ya karye ko dabba ta rame, su yi magana, su rubuta, su kira gidajen rediyo, su tambayi inda kuɗin shiga ke tafiya. Ranar da aka sake jin maganar kwashe wani filin wasa ko yanka shi, a tarar da mutanen da suka san wurin, suka san darajarsa, waɗanda za su tsaya su ce ba a isa ba.

Filin da babu mai zuwa shi ake sayarwa cikin dare. Wanda ke cika da iyalai kowane mako kuwa, ko azzalumi sai ya yi tunani sau biyu kafin ya kai masa hannu. Allah Ya shiryi samari, Ya raya yara bisa tarbiyya, Ya isar wa raunana a kan duk wanda ya ci amanarsu.