Kyautar Da Ta Dace Da Matafiyi

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Mu mutanen wannan yanki ba baƙin tafiya ba ne, domin a Jega ne hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri suka haɗu, wanda ya nufi Kwantagora kuwa ta Maiyama zai ratsa. 'Yan kasuwar Aliero suna bin motocin albasa har Ikko, masu ɗorin garin kuma ba inda ba sa zuwa. Saboda haka da wuya a sami gidan da ba shi da matafiyi. To, wace kyauta ta kamace shi?

A ganina babu kamar aikin hannun mutanenmu, amma sai an zaɓa da hankali. Abu uku ya kamata a duba: ya zama marar nauyi, ya jure wahalar hanya, kuma mai shi ya riƙa bukatarsa kullum. Tulu da ƙwarya mai zane suna da kyau, sai dai kafin mota ta kai Koko sun fashe. Buzun salla kuwa naɗe shi ake yi a sa a hamata. Alabe yana tsare kuɗi da takardu, malafa tana kare rana a tasha, gafaka tana adana Alƙur'ani. Idan ɗinkin ɗayansu ya kwance, duk garin da aka sauka akwai baduku mai gyarawa. Jakar roba fa? Ranar da ta yage sai juji.

Wasu za su ce kayan kanti sun fi araha, sun fi kuma nuna wayewa. Arahar gaskiya ce, amma araha ba ta ado, kuma abin da za a sake saye bayan wata uku bai yi araha ba. Batun wayewa kuwa, fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu suke jemewa da bagaruwa, tun zamanin da fatake suke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa rufe littattafansu masu daraja da ita, suna kiranta fatar Maroko. Ashe mu za mu raina abin da duniya ta yaba?

Akwai kuma abin tsoro. Tun da aka kafa Jihar Kebbi a 1991 makarantu sun ƙaru, har da jami'a a Aliero, amma samari kaɗan ne suke son zama gaban baduku su koya. Sana'ar da ba a sayen kayanta mutuwa take yi.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, duk sa'ad da wani namu zai yi tafiya, a fara leƙa rumfar dukawa kafin a shiga kanti. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.