In Kun Je Gaishe Da Tsofaffi, Ku Dubi Faratansu



Mukan ziyarci gidajen kula da tsofaffi da shinkafa da sabulu, mu yi waƙa da addu'a, mu koma gida. Wannan abin yabo ne. Amma ina roƙon dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata su ƙara abu ɗaya: ku kama hannun Baba ko Mama, ku dubi faratansu, ku dubi ƙafafunsu kuma. Ana iya share tsakar gida don baƙi na zuwa, amma farce yakan tona sakacin watanni.

Farcen hannu yana tsawo kimanin milimita 3 a wata, na ƙafa bai kai haka ba. Da tsufa yakan yi kauri da tauri, ga ido ya raunana, ga baya ba ya sunkuyawa. Tsoho ba zai iya yankewa da kansa ba, kunya kuma ta hana shi roƙo. Dattin da ya taru a ƙarƙashin farce yana bin tuwo zuwa ciki, ya jawo gudawa. Farcen ƙafa in ya shige cikin nama yakan zama gyambo. Ga mai ciwon sukari, wanda ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, ƙaramin rauni yana iya kaiwa ga yanke ƙafa.

Saboda haka mu tambayi masu kula da su cikin ladabi. Ana duba farata kowane mako? Kowane tsoho yana da nasa abin yankan farce? Reza ɗaya ga mutum goma hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. A yanke farcen ƙafa a miƙe bayan wanka, lokacin da ya yi laushi, kada a ƙwaƙule gefe. A tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya a diddige saboda faso, musamman da hunturu. Mai ciwon sukari kuwa, ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya yanke masa.

Wani zai ce ma'aikata sun yi kaɗan, albashi ma ba ya isa. Gaskiya ne, shi ya sa ba faɗa za mu je yi ba. Abin yankan farce ba shi da tsada. Kowace ikilisiya za ta iya saya wa kowane tsoho nasa, ta kuma naɗa mutum biyu su riƙa zuwa taimako. Ubangijinmu da kansa ya sunkuya ya wanke ƙafafun almajiransa. Wane ne a cikinmu ya fi ƙarfin wannan hidima?

Allah ya ba mu zuciyar yi. Amin.