'YAR BA RUWANA

'Yan'uwana mata, kowace unguwa akwai matar nan da in ana faɗa a maƙwabta sai ta tafa hannu ta ce ita ba ruwanta, amma da la'asar ki gan ta tana taya kayan ɗakin wadda aka kora a farashin banza. To wallahi a cikin ƙasashe ma akwai irinta, kuma ita ake yabo.

Suwizalan nake nufi, 'yar ƙaramar ƙasar nan ta Turai. Tun 1815 manyan ƙasashe suka amince ba ta shiga yaƙin kowa. Sai dai ba-ruwana a dokar duniya ba kyauta ba ce, tana da sharaɗi. Yarjejeniyar birnin Hague ta 1907 ta ce kar ki bar sojan kowa ya ratsa ƙasarki da makamai, sojan da ya gudo miki ki tsare shi har yaƙi ya ƙare, kuma kar ki fifita wani ɓangare.

Ku dubi Beljiyam. A 1914 Jamus ta nemi hanya ta cikinta don ta auka wa Faransa, ta ce atafau, alƙawari ya hana ta. Aka tattake ta, ta yi shekara huɗu a hannun Jamus. Wannan ita ta san nauyin kalmar.

Ita kuwa Hajiya Suwizalan fa? A yaƙin Hitila ba ta tura soja ba, gaskiya ne. Amma babban bankinta ya yi ta sayen zinaren Jamus, alhali da yawansa na sata ne daga ƙasashen da aka ci da yaƙi. A watan Agusta 1942 ta rufe iyakarta, Yahudawa masu gudun mutuwa, har da mata da goyo, aka riƙa kora su baya. Wai doka ba ta tilasta mata karɓarsu ba. Haba! Ashe sai an rubuta miki a takarda kafin ki buɗe wa mai neman tsira ƙofa?

Masu kare ta kan ce ƙarama ce, an kewaye ta, tsoro ne. Na yarda tsoro zai sa a rufe ƙofa, amma ban taɓa jin tsoron da ke cika asusu ba. Sai a 1995 shugabanta ya nemi gafara, a 1998 manyan bankunanta suka yarda su biya dala biliyan 1.25. Mu ma nan ba baƙinsu ba ne, ai a can aka tono wani kaso na kuɗin Abacha.