Gajimaren da Ba Ya Zubar da Ruwa a Jangeru

'Yan'uwa ɗalibai, takarda ta fito daga ofishin magatakarda, an manna ta a allon sanarwa: daga zango mai zuwa duk takardun aiki, da makin jarrabawa, da rubutun darussa, da kundin binciken 'yan ajin ƙarshe, za su koma abin da suke kira "gajimare". An tara malamanmu bita ta kwana biyu, an ci shinkafa da kaza, an ɗauki hoto, an watse. Mu 'yan Jangeru da Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda da ke karatu a nan mun zauna mun duba maganar, muka ga in muka yi shiru, a kanmu za a koyi aski.

Da farko a kira abu da sunansa. Babu wani gajimare. Kwamfutoci ne na wani kamfani, jibge a manyan ɗakunan ajiya a Amurka ko Turai ko Afirka ta Kudu, kai kuwa ba ka isa ga takardarka sai ta wayar intanet, kuma sai bisa sharaɗin mai ɗakin. Ba mu musa amfaninsa ba. Mun san ɗaliban da sakamakonsu ya ɓace tsakanin sashe da ofishin jarrabawa, mun ga fayilolin da gara ta cinye, kuma wanda ya taɓa yin sintirin mako uku yana neman malami ya duba masa babi guda ba zai ƙi tsarin da malami da ɗalibi za su gyara takarda ɗaya kowa daga inda yake ba. Saboda haka kada wani ya fito gobe ya ce 'yan ƙauye ne ke tsoron zamani.

Tambayarmu ita ce, da wace waya za mu hau wannan gajimare? Ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a dukan jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Aka ce mako biyu ne. An maido wa Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarni. A waɗannan watanni uwa a Jangeru ba ta iya jin muryar ɗanta da ke makaranta, ɗalibin da ke gida bai san ranar komawa ba sai in direban mota ya kawo labari. Aka rufe wasu yankunan Katsina da Sakkwato da Kaduna su ma. To a ce a lokacin littafin maki da takardun darasi duk suna can cikin gajimare: malamin da ke zaune a Ƙauran Namoda, garin da ke da kwalejin fasaha ta tarayya tun 1983, da me zai koyar? Wanda ya rubuta takardar nan ko dai bai san wannan tarihi ba, ko kuwa ya sani bai ɗauke mu cikin lissafi ba, kuma ba mu san wanne ya fi muni ba.

Ba mu kaɗai ba ne ma. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka tsinke daura da gaɓar Kwaddibuwa, sai ga bankunan Legas da manyan ofisoshi sun tsaya cik. In Legas ta yi tari, ina ga Zurmi?

Sai maganar kyauta, wadda ita ce aka fi yi wa malamanmu daɗin baki da ita. Shekara da shekaru kamfanin Google yana ba makarantu wurin ajiya marar iyaka ba ko kwabo, jami'o'in duniya suka kwashe kayansu kaf suka zuba. Da rumbu ya cika, a Fabrairun 2021 kamfanin ya sanar da cewa daga Yulin 2022 kowace makaranta terabait 100 za ta samu, mai son ƙari ya biya. A 2023 Microsoft ya bi sahu, ya ƙayyade wurin ajiya, ya kuma janye tsarin A1 Plus da ke ba makarantu manhajojin Office kyauta daga Agustan 2024. Ba mu zarge su da ha'inci ba. Ɗan kasuwa ne ya yi abin da ɗan kasuwa ke yi, kuma tun kakanninmu an san kayan aro ba ya rufe katara. Amma biyan da dala ake yi, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A Janairun 2025 kuma aka amince kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari. Ranar da takardar biya ta iso, ina hukuma za ta juya? Mun sani, kun sani: za a ƙirƙiro sabon layi a takardar rajista, a sa masa suna mai daɗi, uban da ya kasa zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga ya sayar da akuya. Malami kuwa ya sayi data daga albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Su kuma akawuna da masu buga takardu da masinjoji, ba wanda ya gaya musu makomarsu.

Akwai abin da ya fi kuɗi. A 1929 titin jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda, ya tsaya nan. Turawan mulkin mallaka ba don mu ziyarci dangi suka shimfiɗa shi ba, don gyaɗa da auduga da fatu su gangara bakin teku ne. Yau kayan da za su gangara su ne sunayenmu, da hotunanmu, da makinmu, da binciken da malamanmu suka ƙare ƙuruciyarsu a kai. Dokar Amurka ta 2018 ta ba hukumomin ƙasar ikon neman bayanai daga kamfanoninsu ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Mu ma muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan 'yan ƙasa waje. Shin an karanta ta kafin a sa hannu? Wa ya ga yarjejeniyar?

Malamanmu sun fi kowa sanin ƙarshen na'urar da aka ƙaƙaba daga sama ba shawara. Tsarin biyan albashi na IPPIS yana cikin abubuwan da suka jawo yajin aikin wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, mu muka tsufa a gida, sannan a Disamban 2023 gwamnati da kanta ta amince a cire manyan makarantu daga cikinsa.

Abin da muke nema ba ya da wuya. A kafe yarjejeniyar nan a allon da aka kafe sanarwa, kowa ya ga farashinta da ranar ƙarewarta da yadda za a kwaso kayanmu in an ɓata. A sayi na'urar ajiya a girke ta cikin harabar makaranta da hasken rana, ta yadda ko an rufe layin jihar nan gaba ɗaya malami zai buɗe littafin makinsa. Na waje ya zama kwafi na biyu. Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya yana da cibiyar ajiya a Kano, akwai kuma hanyar sadarwar jami'o'i ta NgREN, a gaya mana dalilin da ya sa aka tsallake su. Kada a hana ɗalibi miƙa aikinsa a takarda in garinsu babu layi. Kuma a rubuta, a sa hannu, cewa ba za a ɗora mana kuɗin wannan tsari ba.

Ƙungiyar ɗalibai ta nemi kujera biyu a kwamitin da ke kula da aikin, ɗaya a ba ɗan yankin da ya ɗanɗana rufe layi. Za mu kai wa magatakarda wannan buƙata a rubuce ranar Litinin, kuma duk amsar da ya bayar za ku karanta ta a fitowa ta gaba.