Kuɗin Gyaran Saiti a Green Bank

Na'urar sauraren sararin samaniya ta Green Bank, a jihar Virginia ta Yamma a Amurka, faranti ce mai faɗin mita 100. Idan rana ta gasa gefe guda, ƙarfen kan miƙe, saiti ya kauce, siginar da ake bibiya ta dusashe. Injiniyoyi suka dasa ma'aunan zafi a jikin ƙarfen, kwamfuta na karanta su tana daidaita saiti da matattarar sigina nan take.

A 2012 wani kwamitin Gidauniyar Kimiyya ta Amurka ya ba da shawarar a janye mata tallafi. Wannan jarida na ganin shawarar ta yi gaggawa. Ingancin da gyaran ya ƙara bai buƙaci sabon faranti ba, albashin injiniyoyi da ƴan ma'aunai kawai ya ci.