Addu'a Da Asibiti Ba Kishiyoyi Ba Ne



A wannan fitowa muna so mu taɓo wata magana wadda ake yi ƙasa-ƙasa a gidajenmu, amma ba a cika jin ta a majami'a ba, wato ciwon taɓin hankali da ciwon damuwa. Idan ɗan'uwa ya karye a ƙafa, babu gardama, za a yi masa addu'a a kai shi a ɗaure ƙafar. Amma idan ya daina barci, ya ƙi abinci, ya riƙa magana shi kaɗai, sai ra'ayi ya rabu. Wani ya ce jifa ne, wani ya ce aljanu ne, wani kuma ya ce zunubi ne yake ɓoyewa, ko bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Kafin a gama gardama ciwo ya yi nisa.

Matsayinmu shi ne: mai bi da ya je wurin likitan ƙwaƙwalwa bai yi mūsun bangaskiyarsa ba. Allahn da yake jin addu'a, shi ne ya ba likita ilimi.

Mu duba Littafi Mai Tsarki. Bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, annabi Iliya ya gudu jeji don tsoron Yezebel, ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, sa'an nan ya yi magana da shi, ya kuma ba shi Elisha abokin hidima (1 Sarakuna 19). Sarki Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ƙara masa shekara 15, duk da haka Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20). Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Abokan Ayuba kuwa sun kyauta sa'ad da suka zauna da shi kwana 7 ba su ce kome ba. Da suka shiga neman zunubin da ya jawo masa wahala, Allah ya yi fushi da su. Ubangijinmu da kansa ya ƙi yarda cewa makantar mutumin nan na Yohanna 9 hukuncin zunubinsa ne ko na iyayensa.

Tarihin ekklesiyoyinmu ma shaida ne. Bishara ta iso yawancinmu da Littafi a hannu ɗaya, magani a ɗayan. Asibitin Vom da aka fara a 1922, da na Wusasa, da na Garkida, da na Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950, duk masu bi ne suka kafa su. A zamanin kakanninmu ana ɗaukar kuturta la'ana ce, ana korar mai ita bayan gari. Masu bishara suka karɓe su, suka ba su magani, suka yi sujada tare da su. Abin da aka yi wa kutare jiya, shi ne ake bin mu bashinsa yau a kan masu ciwon hankali.

Ciwon nan ba na tsiraru ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wani nau'insa, a wuraren da aka sha rikici kuwa kusan 1 cikin 5 ne. To, mu dubi kujerunmu ranar Lahadi. Akwai gwauruwar da aka kashe mijinta a gona. Akwai wanda ya dawo daga hannun masu garkuwa da mutane, ƙarar babur kaɗai tana sa shi rawar jiki. Akwai maijegon da take kuka ba dalili, ta kasa shayar da jaririnta. Akwai saurayin da tiramadol ya kama. Bayan hare-haren 2014, ekklesiyar EYN ta ga addu'a da kayan agaji suna bukatar abokin tafiya, ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya ga 'yan gudun hijira. Wannan abin koyi ne.

Yaya aikin zai rabu? Likita yana bincike ya gane irin ciwon, gama zazzaɓi mai tsanani, da shan ƙwaya, da raunin kai, duk suna iya rikita hankali, kowanne kuwa da maganinsa. Wani ciwon ƙwaya yake bukata. Wani kuma zaman tattaunawa ne da masanin halayyar ɗan Adam, mako bayan mako, inda mutum yake koyon yadda zai gane tunanin da ke danne shi ya kuma fuskanci abin da ya firgita shi a hankali. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma akan ci gaba da shi watanni bayan an sami sauƙi. Saboda haka muna roƙo, kada wani ya ce wa marar lafiya ya zubar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya. Yanke magani farat ɗaya yakan komo da ciwon, wani lokaci fiye da na dā. Haka nan kada a ɗora masa dogon azumi ba tare da shawarar likita ba.

Ekklesiya kuwa tana da abin da asibiti ba shi da shi. Likita zai ga mutum na ɗan lokaci a wata, mu ne muke tare da shi sauran kwanakin. Namu ne addu'a, da ziyara, da Maganar Allah mai ta'aziyya, da tabbatar masa cewa yana nan ɗan gida. Dokta Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, sa'ad da ya sa marasa lafiya na asibitin Aro a Abeokuta suka zauna a ƙauyukan kewaye tare da danginsu maimakon a kulle su. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Mun san damuwar da ke zuciyar wasu dattawa. A garuruwan da muke 'yan kaɗan, sau da yawa likitan da za a samu ba mai bi ba ne, ana kuma tsoron buɗe masa ciki. Amma ka'idar aikinsa ta wajabta masa riƙe asiri da girmama addinin marar lafiya. Likitocin nan ba su da yawa a ƙasar nan, ba daidai ba ne a bar ɗan'uwa cikin wahala ana jiran sai an sami Kirista. A raka shi, ya faɗa wa likita sarai cewa shi mai bi ne. In aka ga abin da bai dace ba, a nemi wani likitan, kada a bar jiyya.

Akwai kuma abin da dole mu ƙi. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton mutanen da aka ɗaure da sarƙa a wurare dabam-dabam a Nijeriya, har da gidajen addu'a masu kiran sunan Yesu. Ɗauri da bulala da hana abinci ba ceto ba ne, zalunci ne ga wanda aka halitta cikin kamannin Allah. Dokar kula da lafiyar hankali da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kare mutuncin waɗannan bayin Allah. Bai kamata gwamnati ta riga ekklesiya jinƙai ba.

Saboda haka muna ba fastoci da dattawa shawara kamar haka. Na ɗaya, kowace majalisar ekklesiya ta san asibiti mafi kusa da ita. Akwai na ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau a Kano, akwai kuma sashen wannan ciwo a asibitocin koyarwa na Jos da Zariya. Na biyu, a ware wani abu daga asusun taimako domin kuɗin mota da na magani. Na uku, a riƙe asiri. Kada a ambaci sunan mutum da ciwonsa a roƙon addu'a sai da yardarsa, gama kalma ɗaya tana iya hana 'yar gida aure. Na huɗu, a gayyaci nas ko likita ya koyar a taron Zumuntar Mata da na matasa. Na biyar, duk wanda ya ce ya gaji da rayuwa, ko yana so ya kashe kansa, kada a ɗauka wasa ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da guba da makami daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Ga kai kuma ɗan'uwa, ko ke 'yar'uwa, da ke ɗauke da wannan kaya a ɓoye: Ubangiji bai yashe ku ba, ekklesiya kuma gidanku ce. Ku gaya wa fastonku ko wani dattijo da kuka amince da shi, ku je asibiti tare.

Ubangiji ya ba mu hikima da zuciyar tausayi. Amin.