Shekarun Aska Ba a Tambari Kaɗai Suke Ba

A kasuwannin tsofaffin kaya na Turai da Amurka, askar Bature mai naɗewa cikin ƙotarta tana ƙara daraja gwargwadon tsufanta. Wannan ne ya sa dillalai da masu saye suka riƙe ƙa'ida guda tamkar karatun allo: in an ga "Sheffield" kaɗai a wuyan aska, ta girmi shekarar 1891, in an ga "England" a haɗe, to bayan nan aka ƙera ta. Ƙa'idar tana da tushe, amma dogaro da ita kaɗai ya sa mutane da dama sun biya kuɗin tsohuwa sun tafi gida da yarinya.

Tushen kuwa shi ne dokar harajin McKinley da Amurka ta kafa a 1890, wadda ta wajabta rubuta sunan ƙasar asali a kan kayan da ake shigarwa, daga 1891. Sai dai dokar Amurka ce. Askar da aka ƙera domin kasuwar Ingila ba ta shiga ƙarƙashinta ba, don haka rashin kalmar ba hujjar tsufa ba ne. Ganinta ne ke da nauyi, domin yana nuna cewa da wuya askar ta riga wancan lokaci.

Haka sauran alamomi suke, kowace da iyakarta. Haruffan "WR" da kambun sarauta suna nuni ga zamanin Sarki William na Huɗu, 1830 zuwa 1837, tazara ƙanƙanuwa mai amfani. Amma "VR" na Sarauniya Victoria ne, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Alamar da ta rungumi shekaru 64 ba ta yanke hukunci. Sunan maƙera irin su Wade & Butcher ko Joseph Rodgers & Sons ma ya daɗe ana buga shi, tsara bayan tsara.

Saboda haka wajibi ne a saurari jikin askar. Na farkon ƙarni na 19 ruwansu mai kauri ne, gefensa a miƙe, wutsiyarsu gajera. Ruwa mai zurfin kwarmi, sirirri kamar takarda, ya yaɗu ne a ƙarshen ƙarnin, kuma maƙeran Solingen ta Jamus sun yi suna a kansa. Ƙotar ƙaho ko ƙashi ko hauren giwa ta riga ta seluloid, robar da ta shigo a shekarun 1870. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa sai a 1913 Harry Brearley ya samar da shi a Sheffield. Duk da haka, ƙota tana karyewa a sauya ta, kuma ana mayar da tsohon ruwa wurin mai wasawa ya rarake shi. Shaida ba ta tsayuwa sai tambari da ruwa da wutsiya da ƙota sun yi baki ɗaya. Inda suka saɓa, saɓanin ma labari ne: an taɓa askar.

A nan ne babbar hasarar take. Masu son ƙyalli suna goge tsohuwar aska da inji har tambarinta ya dushe, su cire ƙotar ƙaho su sa sabuwa, gyaran gangar Auzinawa. Hujjarsu ita ce aska kayan aiki ce, kuma tsatsa tana cin ƙarfe. Gaskiya ne a tsayar da tsatsa, gaskiya ne kuma a raba ruwa da ƙotar seluloid da ta fara ruɓewa, domin iskar da take fitarwa tana cinye ƙarfe. Amma wannan ceto ne, kuma yana da iyaka. Kaifi yana dawowa a kan dutse cikin yini guda. Tambarin da aka goge kuwa ya tafi ke nan, tare da sunan maƙerin da shekarun askar.